2C-B, DOB da 25B-NBOMe: Yadda harafi ɗaya ke raba sinadari da ɗan'uwansa

A watan Oktoban 2009, wani shagon sayar da sinadarai ta intanet ya aika wa abokan cinikinsa da wata farar hoda wadda aka rubuta 2C-B-FLY a jikin ledarta. Cikin 'yan kwanaki aka fara kwasar mutane zuwa asibiti a Turai da Amurka, wasu kuma ba su tashi ba. Da aka kai hodar ɗakin gwaje-gwaje, sai aka tarar wani sinadari ne daban mai suna Bromo-DragonFLY, wanda ya ninka na jikin ledar ƙarfi kusan sau 20. Masu sayen sun auna abin da suka ɗauka daidai ne ga sunan da suka karanta, ashe sunan ne ba daidai ba. A watan Mayun 2011 aka sake maimaita hakan a jihar Oklahoma ta Amurka, inda matasa biyu suka mutu bayan sun sha Bromo-DragonFLY da sunan 2C-E.

Irin waɗannan sunaye yanzu suna yawo a TikTok da Instagram da tashoshin Telegram, wani lokaci a cikin labarin kamen da 'yan sanda suka yi a wata ƙasa, wani lokaci a bidiyon wani mai ba da labarin abin da ya gani. Ga wanda bai san tsarinsu ba, duk kama ɗaya suke yi, haruffa da lambobi kamar kalmar sirri ta wayfai. Amma suna da tsari, kuma wanda ya saba bambance Galaxy A15 da A25, ko Redmi Note 13 da Note 13 Pro, ba zai sha wahalar gane shi ba. Bambancin kawai shi ne, wanda ya yi kuskuren lambar waya kuɗinsa ne ya yi ciwo.

Ƙashin bayan gidan

Sinadaran da ake magana a kansu suna cikin ajin masu sa gane-gane, wato waɗanda ke jirkita yadda mutum yake gani da ji da fahimtar lokaci. Suna yin haka ne ta hanyar maƙalewa a wata mashiga ta ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ake kira 5-HT2A, wadda asali aka tanada domin sinadarin serotonin na jikin ɗan Adam.

Babban gidansu shi ne fenetilamin. Siffarsa ba ta da wuyar hasashe: zobe ne mai kusurwa shida, kowace kusurwa ƙwayar zarra ce ta kabon, sannan ga wata 'yar jela da ta fito daga kusurwa ɗaya ta ƙare da naitirojin. Masana suna ba kusurwoyin lamba daga 1 zuwa 6, inda jelar ke kan ta 1. Sauran biyar ɗin kujeru ne da za a iya zaunar da wani abu a kai. Abin da aka zaunar, da kujerar da aka zaunar da shi, su ne ke haifar da sabon sinadari. Dopamin da ke cikin ƙwaƙwalwar kowa ɗan wannan gida ne. Haka ma meskalin, wanda Bajamushe Arthur Heffter ya fara tacewa a 1897 daga wani tsiro mai suna peyote da ke fitowa a Meziko da kudancin Amurka.

Wanda ya fi kowa raɗa wa 'yan gidan suna shi ne Alexander Shulgin, masanin sinadarai ɗan Amurka da ya rayu daga 1925 zuwa 2014. Ya yi aiki da kamfanin Dow Chemical, inda ya ƙirƙiro musu maganin ƙwari mai suna Zectran, daga baya ya koma wani ɗan ƙaramin ɗakin bincike a bayan gidansa da ke Lafayette a jihar Kalifoniya. A 1974 ya haɗa 2C-B. A 1991 shi da matarsa Ann suka fitar da littafin PiHKAL mai ɗauke da bayanin sinadarai 179 na wannan gida, kuma yawancin gajerun sunayen da ake amfani da su har yau daga can suka samo asali.

Ma'anar 2C ita ce kabon guda biyu ne a jelar, tsakanin zoben da naitirojin. Duk 'yan layin 2C na asali suna da wani ɗan gungu mai suna metoksi a kujera ta 2 da ta 5. Harafin ƙarshe kuma yana nuna wanda ke zaune a kujera ta 4. Idan buromin ne, an sami 2C-B. Idan aidin ne, 2C-I. Idan kulorin ne, 2C-C.

Zuwa nan komai na tafiya daidai, sai dai Shulgin laƙabi yake raɗawa domin littafin ajiyar bayanansa, ba ƙa'ida yake kafa wa duniya ba. Harafin E a 2C-E yana nufin gungun etil, P a 2C-P kuma gungun furofil ne, ba sinadarin fosfaras ba, duk da cewa P ce alamar fosfaras a jadawalin da ake koyarwa a sakandare. C ɗin ƙarshe a 2C-C kulorin ce, alhali C ɗin farko kabon ce. A 2C-D kuwa gungun metil ne ke zaune a kujerar, wanda a bisa hankali M ya kamata a sa masa. Su kuma 2C-T-2 da 2C-T-7, T ɗin tana nuna akwai farar wuta a ciki, amma 2 da 7 ɗin lambobin jeri ne kawai, ba sa ƙirga komai a jikin sinadarin. Wanda ya ɗauka 2C-T-7 ya ninka 2C-T-2 sau uku da rabi ya karanta abin da ba a rubuta ba.

Kabon ɗaya, kwana guda

Idan aka ɗauki 2C-B aka ƙara kabon guda ɗaya tak a gefen jelarsa, kusa da naitirojin, an koma DOB. Shi ma Shulgin ne ya haɗa shi, tun 1967. A zane da ƙyar ido zai lura da bambancin, wani ɗan gajeren layi ne ya ƙaru. A jiki kuwa abin ya wuce wasa. Wannan kabon ɗin yana tare wa sinadarin da jiki ke amfani da shi wajen farfasa irin waɗannan abubuwa hanya, don haka DOB yana daɗewa. A ƙiyasin da ke cikin littafin Shulgin, tasirin 2C-B awa 4 zuwa 8 ne, na DOB kuma awa 18 zuwa 30, sannan ya fi shi ƙarfi kusan ninki goma. Ga shi da jinkirin farawa, abin da ke sa wanda ya ɗauka 2C-B ya sha ya zaci bai yi aiki ba, ya ƙara.

Sunayen FLY daga jami'ar Purdue ta jihar Indiana suka fito, daga ɗakin binciken Farfesa David Nichols, inda ake ƙera irin waɗannan sinadarai domin nazarin yadda mashigar 5-HT2A take aiki. An ɗaure gungun metoksi biyun nan a jikin zoben suka zama ƙananan zobba biyu, ɗaya a kowane gefe, sai zanen ya yi kama da ƙwaro mai fukafukai. Daga nan aka sami FLY, wato ƙuda. Wani samfurin da aka haɗa a 1998, mai fukafukai shimfiɗaɗɗu da ƙarin kabon ɗin nan irin na DOB, aka ce ya yi kama da mazari, shi ne DragonFLY. Raha ce ta ɗaliban jami'a, ba wanda ya yi tunanin wata rana za a riƙa buga sunayen a jikin leda. Bromo-DragonFLY yana iya kai kwana biyu ko uku a jiki, kuma yana matse jijiyoyin jini matuƙa. Likitoci a Suwidin sun taɓa ba da rahoton wani mutum da sai da aka yanke masa yatsu bayan ya sha shi.

Sai kuma layin NBOMe. Ralf Heim ne ya fara bayyana shi a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Freie ta Berlin a farkon shekarun 2000, kuma wajajen 2010 ya ɓulla a kasuwannin intanet. Sunan 25B-NBOMe ya cancanci a warware shi gaɓa-gaɓa. Lambar 25 ba ashirin da biyar ba ce, biyu da biyar ce, wato kujerun nan guda biyu. B ta farko buromin ce. N naitirojin ce, wurin da aka liƙa sabon abu. B ta biyu gungun benzil ne, wani ƙarin zobe. OMe kuma metoksi ne da ke kan sabon zoben. Ma'ana, 2C-B ne aka goya masa wani zobe a ƙarshen jela, kuma harafin B ya zo sau biyu a suna ɗaya da ma'ana biyu.

Wannan goyon ya sauke ma'aunin daga miligiram zuwa maikirogiram, wato kashi ɗaya cikin dubu na miligiram. Abin da ya kai wannan ƙanƙanta yana shiga cikin 'yar guntuwar takarda, kuma a irin wannan takarda aka saba sayar da LSD. Nan dillalai suka sami ƙofa: suka riƙa sayar da 25I-NBOMe da 'yan'uwansa a matsayin LSD, mutane suka riƙa mutuwa ta hanyar farfaɗiya da bugun zuciya da zafin jiki mai tsanani. Akwai ma wani dacen da ya ƙara ruɗa lamarin. Tsohon sunan LSD shi ne LSD-25, amma tasa 25 ɗin ashirin da biyar ce ta gaske, domin shi ne na 25 a jerin abubuwan da Albert Hofmann ya haɗa daga sinadarin lisajik a kamfanin Sandoz da ke Basel a 1938. LSD ba ɗan gidan fenetilamin ba ne ma kwata-kwata.

Abin da fuskar waya ke yi wa suna

Yawancin salon rubutun da wayoyi ke amfani da shi ba ya bambance babban harafin I da ƙaramin l, kuma duka biyun suna kama da lamba 1. Saboda haka 25I kan koma 251 a hannun wanda ya kwafa da ido. Ana rubuta 2C-B a matsayin 2CB ko 2-CB, manhajar gyaran rubutu ta madannai kuma ba ta san ko ɗaya ba. Injin bincike an gina shi ne ya yi wa mai nema uzuri, ya kawo abin da ya fi kusa da abin da aka rubuta. Wannan alheri ne ga mai neman sunan fim, amma a wurin da harafi ɗaya ke nufin ninki goma, uzurin ba alheri ba ne. Manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira ma suna iya cakuɗa bayanin sinadarai biyu masu kusancin suna, su kawo shi cikin natsuwa kamar sun tabbatar.

Babu misalin da ya kai tusi nuna yadda suna ke rabuwa da mai shi. Idan aka furta 2C-B da Turanci, sautin da ke fita shi ne tu-si-bi. A Kolombiya aka mayar da shi tusibi, aka taƙaita zuwa tusi, aka zuba wa hodar launin ruwan hoda, ta bazu zuwa sauran Latin Amurka da Sifaniya da Amurka, inda jaridu ke kiranta hodar ibilis mai ruwan hoda. Ƙungiyoyin da ke gwada ƙwayoyi, irin su Échele Cabeza a Kolombiya da Energy Control a Sifaniya, sun sha samun abu guda: yawanci ketamin ne da MDMA da kafin, wani lokaci da wasu tarkacen. Da wuya a sami 2C-B a ciki, kuma da wuya a sami hodar ibilis ɗin. Sunaye biyu, duka na aro.

Sunan da kwamfuta ke ganewa

Masana ba sa dogara da laƙabi. Akwai cikakken suna bisa ƙa'idojin ƙungiyar IUPAC, kuma wanda aka fi rubutawa ga 2C-B shi ne 4-bromo-2,5-dimethoxyphenethylamine. Doguwar kalma ce, amma duk abin da aka yi bayani a sama yana cikinta: buromin a kujera ta 4, metoksi biyu a ta 2 da ta 5, a kan ƙashin bayan fenetilamin.

Rumbunan adana bayanai kuma suna da nasu hanyoyin. Ta farko ita ce lambar CAS, wadda wani sashe na Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Amurka da ke Columbus a jihar Ohio yake bayarwa tun 1965. Ta ruwan sha ita ce 7732-18-5, ta 2C-B kuma 66142-81-2. Lambar ba ta faɗin komai game da siffar sinadarin, rajista ce kawai. Amma alƙalaminta na ƙarshe mai gadi ne, irin aikin da alƙalami na 15 yake yi a lambar IMEI da ke fitowa idan an danna *#06#. Ana ɗaukar sauran alƙaluman daga dama, a ninka na farko da 1, na biyu da 2, haka har ƙarshe, a tara. Na 2C-B suna ba da 122, alƙalamin ƙarshe na 122 kuma 2 ne, daidai da abin da ke wutsiyar lambar. Idan yatsa ya zame aka buga wani alƙalami ba daidai ba, akasari lissafin ba zai fita ba, kwamfuta ta ƙi karɓa. Laƙabin Shulgin ba shi da irin wannan mai gadi: 2C-B da 2C-E da 2C-P duk sunaye ne ingantattu.

Hanya ta biyu ta fi burgewa ga mai sha'awar rubuta manhaja. Sunanta SMILES, David Weininger ne ya ƙirƙiro ta a shekarun 1980, kuma tana mayar da zanen sinadari layin rubutu guda da za a iya turawa ta saƙon tes. Barasa a wannan tsari CCO ce kawai. Ga 2C-B:

COc1cc(CCN)c(OC)cc1Br

Ga kuma DOB:

COc1cc(CC(C)N)c(OC)cc1Br

Duk tazarar da ke tsakanin awa 8 da awa 30 tana cikin wannan C ɗin guda da aka kewaye da baka a tsakiyar layi na biyu.

Ta uku ita ce InChIKey, wadda ke matse dukkan siffar sinadari zuwa alamomi 27 ta amfani da SHA-256, lissafin da Bitcoin ma ke amfani da shi. Da an taɓa ƙwayar zarra ɗaya, ɓangaren farko na jerin haruffan sai ya sauya gaba ɗaya, ba sauran kama. An yi ta ne musamman domin injin bincike ya daina yin uzuri. Rumbun PubChem, wanda hukumar binciken lafiya ta Amurka ta buɗe a 2004, yana nuna duk waɗannan a shafi ɗaya ga kowane sinadari, kyauta, kuma yana buɗewa a waya.

Daga suna zuwa hoda

Duk wannan yana warware matsalar rubutu ne kawai. Bai ce komai game da abin da ke cikin leda ba. Farar hoda farar hoda ce, kuma babu kyamarar waya, komai yawan megafiksel ɗinta, da za ta bambance 2C-B da DOB.

Akwai ruwan gwaji da ake ɗigawa a ga canjin launi. Wanda ake kira Ehrlich yana komawa shunayya idan ya haɗu da LSD, ba ya yin haka da NBOMe, don haka yana raba gida da gida. A cikin gida ɗaya kuwa launukan suna shiga juna, kuma ba ya faɗin yawan abin da ke ciki ko abin da aka cakuɗa.

Aikin gaske na na'urar GC-MS ne. Ɓangarenta na farko wani siririn bututu ne mai tsawon kimanin mita 30 da aka naɗe a cikin tanda. Ana tura samfurin ta ciki a matsayin tururi, kowane sinadari ya fito a nasa lokacin. Ɓangare na biyu yana farfasa abin da ya fito, ya auna nauyin gutsattsarin, ya fitar da zane mai tsaitsaye kamar layukan lambar kaya a kanti. Nauyin 2C-B kusan 260 ne, na DOB kusan 274, bambancin 14 ɗin shi ne kabon ɗin nan da haidirojin biyu da suka biyo shi. Buromin ma yana da wani tambari mai kyau: a halitta iri biyu ne, mai nauyin 79 da mai 81, kusan rabi da rabi, don haka duk gutsuren da ke ɗauke da shi yana fitowa a matsayin tagwayen layuka masu tsawo kusan ɗaya.

Daga nan kwamfuta ke kwatanta zanen da na rumbunta, kamar yadda Shazam ke gane waƙa. Kuma rauninsu ɗaya ne: abin da babu shi a rumbu ba za a gane shi ba, sai dai a kawo mafi kusa. Akwai kuma sinadaran da nauyinsu ɗaya ne sak, kujera kawai ta bambanta. Silosin da ake samu a wasu nau'o'in laimar kwaɗi, da bufotenin da ake samu a fatar wasu kwaɗin kansu, duka C12H16N2O ne. Ɗaya yana da gungunsa a kujera ta 4, ɗayan a ta 5. A layin NBOMe ma metoksin da ke kan zobe na biyu yana iya zama a wuri uku daban-daban ba tare da nauyi ya canza ba. Raba irin waɗannan sai an sami tsantsar samfurin da aka tabbatar an gwada su kafaɗa da kafaɗa, ko a koma ga na'urar NMR, wadda kuɗinta da girmanta sun fi ƙarfin yawancin ɗakunan gwaji.

An yi yunƙurin kawo wannan aiki cikin aljihu. A 2014 wani kamfanin Isra'ila, Consumer Physics, ya tara sama da dala miliyan 2 a Kickstarter domin SCiO, 'yar na'urar da ke haska abu ta karanta hasken da ya dawo. A bikin baje kolin CES na 2017 aka nuna wayar Changhong H2 mai ɗauke da irin wannan na'ura a jikinta. Fasahar tana da amfani wajen kimanta zaƙin 'ya'yan itace ko danshin hatsi, amma maikirogiram a jikin takarda ya yi mata nisa. Ko na'urorin hannu masu tsada da jami'an tsaro ke riƙewa, irin su TruNarc, suna rasa abin da yake ɗan kaɗan ne a cikin cakuɗe, alhali a wannan gida ɗan kaɗan ɗin ne ke kisa.

Tseren doka da haruffa

Dokokin ƙwayoyi na farko jerin sunaye ne, kuma abin da ba ya cikin jeri ba a haramta shi ba. Amurka ta sa 2C-B a jerinta a tsakiyar shekarun 1990, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi ƙarƙashin yarjejeniyar 1971 a 2001, sannan ta ƙara 25B da 25C da 25I-NBOMe a 2015. Najeriya da Nijar da Ghana duk suna cikin wannan yarjejeniya. Masu ƙerawa kuma suka gane cewa sauya mazaunin kujera ɗaya yana samar da sunan da babu shi a takardar kowa. Ofishin UNODC ya riga ya yi rajistar sababbin sinadarai masu taɓa ƙwaƙwalwa fiye da 1,000.

Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban. Amurka tun 1986 take da dokar da ke kama duk abin da ya yi kama sosai da haramtacce a siffa da tasiri, abin da ya sa lauyoyi ke kawo masana kotu su yi gardama kan ma'anar kama. Birtaniya a 2016 ta haramta duk abin da ke taɓa ƙwaƙwalwa a dunƙule, sannan ta ware irin su barasa da taba da kafin. Jamus a shekarar ta zaɓi haramta gida-gida, tana zayyana ƙashin baya da irin abin da zai iya zama a kowace kujera.

A can Jamus ɗin ne tseren ya fi fitowa fili, a kan 'yan'uwan LSD. An rufe ƙofar 1P-LSD a 2019, sai 1cP-LSD ya fito. An rufe tasa a 2021, sai ga 1V-LSD. An rufe wannan a 2022, sai aka fara tallar 1D-LSD. A 2023 masu bincike a Japan suka sami takardun da aka buga wa 1D-LSD a jiki, suka saka su a na'ura. Abin da suka tarar wani sinadari ne daban mai ɗauke da zoben farar wuta, wanda yanzu ake kira 1T-LSD.